Asibitin kuɗi ko mafakar dabbobi: ina ya kamata mai jinyar dabbobi ya nufa?

Duk wanda ya kusa gama karatun jinyar dabbobi sai wannan tambayar ta taso masa, in nemi aiki a asibitin dabbobi na kuɗi ne, ko in tafi mafaka, wato gidajen nan da ake tara karnuka da maguna da aka tsinto a titi ko waɗanda masu su suka kawo suka ce sun gaza. Amsar da aka saba bayarwa kuma ba ta da wani amfani, a ce wai mai tausayi ya tafi mafaka, mai son kuɗi ya tafi asibiti. Gaskiya ba haka abin yake ba. Akwai masu tausayi fal a asibitin kuɗi, kuma tausayi kaɗai ba ya riƙe mutum a mafaka, sau da yawa ma shi ne yake fara kayar da shi. Abin da ya raba wuraren biyu shi ne yadda ake so kanka ya yi aiki. A asibiti kamar mai doki ɗaya kake, duk hankalinka na kan dabbar da ke gabanka. A mafaka kuwa makiyayi ne kai, garke kake kallo, kuma duk abin da ka yi wa ɗaya sai ka lissafa me zai jawo wa sauran.

Karatun dai ɗaya ne. A Amurka yawanci shekara 2 ne a makarantar da ƙungiyar likitocin dabbobi ta AVMA ta amince da ita, sai jarrabawar ƙasa ta masu jinyar dabbobi da ake kira VTNE, sai kuma lasisi ko rajista daga jihar da za ka yi aiki. A Ingila nas ɗin dabbobi ake kiran mai wannan aikin kuma da hukumar likitocin dabbobi ta RCVS yake rajista. Iyakar ma kusan ɗaya ce, ba kai ne za ka yanke cewa ga cutar da ke damun dabba ba, ba ka rubuta magani, ba ka yin babbar tiyata. Amma ɗibar jini, sa ƙarin ruwa, sa dabba barci kafin tiyata da lura da numfashinta, ɗaukar hoton ƙashi, duba kashi da fitsari a madubin likita, wanke ciwo, duk naka ne.

A asibitin kuɗi kowace dabba da mai ita take zuwa. Shi zai faɗa maka shekarunta, abin da take ci, yaushe ta fara amai, wace allura aka taɓa yi mata, kuma shi zai ce a yi ko kar a yi, domin aljihunsa ne. Wannan yana da daɗi ta wani ɓangaren, za ka ga kwikwiyo tun yana ɗan mitsitsi har ya tsufa, ka san halinsa ka san mutanen gidan, kuma idan asibitin babba ne akwai kayan aiki, na'urar duba ciki, injin gwajin jini, kayan gyaran haƙori, ga likita a kusa kullum da za ka tambaya. Wanda yake son ya zurfafa a fanni ɗaya, kamar jinyar gaggawa ko sa barci ko haƙori, hanyarsa ta fi miƙewa a nan, don irin waɗannan shaidun ƙwarewa suna buƙatar ka tara aiki mai yawa a fannin kuma asibitoci manya ne suke da shi. Ciwon kan wajen kuwa kuɗi ne. Za ka tsaya gaban mutum kana karanta masa lissafin kuɗin magani, kana ganin fuskarsa tana canzawa, ka san dabbar za ta iya warkewa shi ma ya sani amma babu halin, wani ya yi kuka wani ya huce a kanka kamar kai ka sa farashin.

Mafaka fa? A nan dabba tana shigowa ba tarihi ba komai. Kare ne aka ɗauko a bakin hanya, ba a san shekarunsa ba, ba a san ko an taɓa yi masa rigakafi ba, ba a san ko yana cizo ba. Kuma yawanci kai ne mutum na farko da zai sa masa hannu. Ka auna nauyinsa, ka bi jikinsa da na'ura ko akwai ɗan cip ɗin da ake sa wa a ƙarƙashin fata mai nuna mai shi, ka duba haƙora ka ƙiyasta shekaru, ka duba kaska da ƙuma da ƙazwa, ka ba shi maganin tsutsar ciki, sannan ka yi masa rigakafi nan take, ba gobe ba, ba bayan ya huta ba. Wannan wajen mutanen asibiti sukan yi mamaki. Su sun saba a fara wa kwikwiyo rigakafi yana sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati 3 ko 4 har ya kai kamar sati 16, kuma idan dabba ba ta da lafiya a ɗaga. A mafaka ana farawa tun daga sati 4, a maimaita duk sati 2 har ya kai wata 5, kuma ko yana ɗan mura ko rauni ana yi masa. Dalili shi ne kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar aiki kuma ba wanda ya san ranar da za ta ƙare, to a gidan da cuta take yawo ba za ka bar wannan tazarar a buɗe ba.

Cutar fabo ita ce za ta koya maka wannan tunanin da ƙarfin tsiya. Tana kama hanjin kwikwiyo, amai da gudawa mai jini, kuma ƙwayar tana iya zama da rai a ƙasa ko jikin keji wata da watanni. A asibiti idan an kawo mai fabo, ka killace shi, ka sa masa ruwa, ka yi jinyarsa, shi kenan. A mafaka da zarar gwaji ya nuna ɗaya yana da ita, tambayoyi ne za su yi maka caa, su wa ya kwana da su, wa ya share kejinsa sannan ya shiga wane ɗaki, su wa aka yi wa rigakafi kuma yaushe, wa za a killace, a rufe karɓar sabbi ko kar a rufe, waɗanda aka riga aka bayar ga sabbin masu riƙo a kira mutanen a sanar da su. Har maganin goge ƙasa sai ka san shi, don wasu da ake sayarwa masu ƙamshi ba sa kashe fabo, shi ya sa ake amfani da bilic da aka sirka kashi 1 cikin 32 na ruwa bayan an wanke dattin tas, ko wasu sinadarai da aka tabbatar suna aiki, kuma a bar shi ya jima a jiƙe kafin a ɗauraye. Ko shara ma da tsarinta, ana fara da ƙanana masu lafiya, sai manya masu lafiya, marasa lafiya su ne na ƙarshe. Wanda yake ganin shara da wanke keji ƙasƙanci ne ga mai takarda, to mafaka ba wajensa ba ne, don a can tsintsiya da bokiti suna ceton rai fiye da wasu magungunan masu tsada.

Maguna kuma nasu daban. Mage dabba ce da takura take kayar da ita, ka sa ta a ƙaramin keji, kwanon abinci kusa da wajen kashi, ga haushin karnuka, ga hannu daban-daban kullum ana ɗaga ta, sai ƙwayar cutar mura da ke kwance a jikinta ta farka, ido ya fara ruwa hanci ya toshe ta daina cin abinci. An gano cewa keji mai ɗaki biyu, da ɗan kwali da za ta ɓuya a ciki, da rage yawan matsar da ita, suna rage wannan murar sosai. Ga makero, wanda ake haska fitila ta musamman a duhu a ga gashin yana ƙyalli, yana yaɗuwa tsakanin 'yan kyanwa kuma yana kama mutum, jinyarsa sati da satittika ce ta wanka da magani mai warin tsiya. Ga jariran kyanwa marasa uwa da sai an ba su madara duk awa 2 ko 3 har da dare. Duk wannan a wuyan mai jinya yake.

Akwai wani lissafi da nake so duk mai tunanin shiga mafaka ya riƙe. A ce kullum dabba 10 ke shigowa, kowace tana yin kwana 10 kafin ta fita, to kullum kana da dabba 100 a gidan. Idan zaman ya koma kwana 20 ba tare da an ƙara ko ɗaya a masu shigowa ba, ka koma 200, da ma'aikatan nan dai da kejin nan dai. Cunkoso ya kawo cuta, cuta ta ƙara tsawon zama, tsawon zama ya ƙara cunkoso. Shi ya sa mai jinya a mafaka kullum yana zagaye yana tambaya, wannan me take jira, tiyata ce ko hoto ne ba a ɗauka ba ko takarda ce ba a sa wa hannu ba. A asibiti ba ka da wannan damuwar ko kaɗan, dabba ta warke mai ita ya zo ya ɗauka.

Wannan fannin ba tsoho ba ne a matsayin ilimi, ko da yake kula da dabbobi marasa gata ya daɗe. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi da ta zama RSPCA an kafa ta a Ingila a 1824, mafakar Battersea ta Landan a 1860, Henry Bergh kuma ya kafa takwararta ta Amurka, ASPCA, a New York a 1866. Amma sai wajen 2001 jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta buɗe shirin koyar da likitancin mafaka, a shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar likitocin mafaka, wadda ta fitar da ƙa'idojin kula da dabbobi a irin waɗannan gidaje a 2010 ta sabunta su a 2022. Tushen ƙa'idojin na 2010 shi ne 'yancin nan guda 5 da suka samo asali daga rahoton Brambell na 1965 a Birtaniya, kar dabba ta zauna da yunwa da ƙishi, kar ta zauna a takure, kar a bar ta da ciwo ko cuta, a bar ta ta yi ɗabi'arta, kar ta zauna cikin tsoro. Duk mai son aikin nan ya nemi ƙa'idojin ya karanta kafin ya je neman aiki, kyauta suke a intanet, kuma da su zai auna gidan da zai shiga.

Ta wajen 'yancin aiki, mafaka ta fi. Da yawa daga cikinsu ba su da likita na kullum, yana zuwa ne wasu ranaku, sai ya rubuta tsari ya sa hannu, idan ka ga alama kaza ka yi kaza, idan ta wuce haka ka kira ni. Don haka idonka da hukuncinka suna da nauyi sosai, kuma za ka girma da wuri. Amma nan ne haɗarin yake ga sabon hannu, don idan ba ka taɓa ganin yadda ake yi daidai ba, ba za ka gane lokacin da ake yin ba daidai ba, kuma babu wanda zai gyara maka. Ta wajen tiyata kuwa hannu yana faɗawa da sauri a mafaka fiye da ko'ina. Wuraren da suka ƙware a fiɗiya da cire mahaifa, likita ɗaya yana iya yin sama da 30 a rana, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da masu jinya da suka iya aikinsu, wannan yana sa barci, wancan yana aske ciki yana gogewa, wani yana lura da masu farfaɗowa. Har 'yan sati 8 ana yi musu idan nauyinsu ya kusa kilo 1, kuma irin waɗannan ƙananan sanyi da faɗuwar sukari ke kashe su, sai an sa ido sosai. Sai dai iri ɗaya ne kullum. Wanda yake son ganin cututtuka kala-kala da tiyata masu wuya zai gaji.

To sai maganar da kowa yake kewayewa, allurar da ake kashe dabba da ita ba tare da ta ji zafi ba. A duka wuraren ana yi, kar wani ya ruɗe ka. A asibiti yawanci tsohuwa ce ko mai ciwon da ba ya warkewa, mai ita yana riƙe da ita yana kuka, wani lokacin kuma rashin kuɗi ne kawai. A mafaka akwai wannan, sannan akwai kare mai lafiyar jiki da ya zama haɗari ga mutane, kuma a wasu gidajen har yanzu akwai ranar da wuri ya ƙare. Abin da ya fi ciwo shi ne kai ka yi jinyarta, kai ka sa mata suna, babu wani mai ita da zai ɗauki nauyin hukuncin, ku ne masu ita. Abubuwa sun gyaru ƙwarai, ƙiyasin ASPCA ya nuna a Amurka adadin karnuka da maguna da ake yi wa wannan allurar a mafaka a shekara ya sauko daga kusan miliyan 2.6 a 2011 zuwa kamar 920,000 a 2019, amma bai ƙare ba. Kuma a kula da kalmar nan da wasu gidaje suke tallata kansu da ita cewa su ba sa kisa, ma'aunin da aka saba shi ne kashi 90 cikin 100 su fita da rai, kuma wasunsu suna kaiwa ga haka ne don suna zaɓar wanda za su karɓa. Gidan hukuma da doka ta tilasta masa karɓar duk abin da aka kawo, shi ne yake kwasar sauran, kuma ma'aikatansa ne ake zagi a Facebook. Ni a ganina waɗannan mutanen sun fi cancantar a girmama su, ba a zage su ba. Amma ka san da wannan kafin ka shiga, don gajiyar zuciya a aikin nan gaskiya ce, tana hana barci, tana sa mutum ya daina jin komai, kuma mutanen kirki da yawa ta kore su daga aikin gaba ɗaya.

Wani ɓangaren da asibiti ba ya cika samu shi ne shari'ar zaluntar dabbobi. A kwaso karnuka da aka bari da yunwa, ko maguna masu yawa daga gidan wanda ya tara su ya kasa kula da su, to jikin kowace dabba shaida ce. Ka ɗauki hoto kafin a taɓa komai, ka rubuta nauyi da yanayin ramar jiki, ka ci gaba da aunawa don a nuna cewa abinci kawai aka ba ta ta murmure, kuma rubutunka yana iya zuwa gaban alƙali. Mai son tsari da rubutu mai kyau zai ji daɗin wannan, kuma yana da ma'ana sosai.

Kar kuma wani ya ce zai gudu mafaka don ya gaji da mutane. Mutane sun fi yawa a can. Masu aikin sa kai, masu riƙon dabba na ɗan lokaci a gidajensu, masu zuwa ɗauka, da masu kawowa. Wanda ya kawo karensa yawanci ba mugu ba ne, mai gidan haya ne ya hana, ko aiki ya tafi, ko rashin lafiya, kuma idan ka tarbe shi da harara gobe wani a titi zai yar da nasa.

Kuɗi kam ba wanda zai yi arziki a ko'ina. Hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka ta sa matsakaicin albashin masu wannan aiki a dala 43,740 a shekara a 2023. Asibitocin gaggawa da na ƙwararru sukan fi biya, amma da aikin dare. Mafakar da ke rayuwa da gudummawa takan yi ƙasa, ta hukuma kuma wani lokacin tana zuwa da fansho da inshorar lafiya mai kyau, kuma a Amurka wanda ke aiki da gwamnati ko ƙungiyar agaji zai iya neman a yafe masa ragowar bashin karatu na tarayya bayan ya biya sau 120. A lissafa duka, ba albashin wata kawai ba. Jiki ma yana biyan nasa, cizo da yakushi sun fi yawa inda ba a san halin dabba ba, haushin karnuka a rufaffen ɗaki yana iya wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarar sauti, don haka toshe kunne da rigakafin haukan kare tun kafin a fara aiki ba abin wasa ba ne.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba, aikin fita cikin al'umma. Kama magunan titi a fiɗiye su a yi musu rigakafi a yanke ɗan bakin kunne don a gane su sannan a mayar da su inda suke, ko rigakafin karnuka gida-gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kusan duka daga cizon kare, kuma idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi cutar tana yankewa. Ƙungiyar Mission Rabies ta yi irin wannan aikin a Goa ta Indiya da Blantyre ta Malawi. Wanda yake son tunanin garke amma ba zai iya zaman ganin keji kullum ba, nan ya fi masa.

Idan ni aka tambaya, sabon da ya fito makaranta ya fara da asibiti mai likitoci da tsofaffin masu jinya da za su tsaya a kansa, ya yi shekara ɗaya ko biyu hannunsa ya zauna a sa barci da gaggawa, yana kuma zuwa mafaka aikin sa kai a ranakun hutunsa, ya ga ranar karɓar dabbobi, ya ga ɗakin killacewa, ya ga ranar da ba ta da daɗi. Idan ya ga kansa yana tambayar me ya sa ɗakin nan ya fi wancan yawan mura, me ya sa karen nan ya kwana 40 ba a ɗauke shi ba, to mutumin mafaka ne, ya tafi kawai. Idan kuma abin da ke faranta masa shi ne ya bi dabba ɗaya daga farkon ciwo har ƙarshe da duk kayan aikin da ake da su, ya zauna a asibiti, ba wani abin kunya a ciki, dabbobin can ma suna buƙatarsa. Banda ɗaya kawai, mafaka babba mai likita na kullum da tsarin koyar da sabbi, wannan ana iya farawa da ita kai tsaye.

Kuma ranar ganawar neman aiki, kai ma ka yi musu tambaya. Kwana nawa likita yake zuwa a sati, tsarin magani a rubuce yake ko a ka, dabba nawa gidan zai iya ɗauka kuma nawa ne a ciki yau, kwana nawa dabba take yi kafin ta fita, wa ke yanke hukuncin allurar ƙarshe kuma ana karɓa-karɓa ne ko mutum ɗaya aka bar wa, masu jinya nawa suka bar aiki a bara. Sannan ka roƙa a zagaya da kai har ɗakin marasa lafiya, ba iya inda baƙi suke gani ba. Idan suka ƙi nuna maka ɗakin, ko aka kasa faɗa maka yawan dabbobin da ke gidan a ranar, ka nemi wani wajen.